Abin da Akawu Ya Rubuta

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe masa alƙalami,
Barnabas Whitlow, mai layin dogo,
a bene na uku, cikin birnin Filadelfiya,
inda ko farar riga ba ta kai azahar da farinta.

Ya ce a bayan wata maƙera aka haife shi, can Vermont,
ubansa na ƙera wa dawaki takalmi.
Yana ɗan shekara tara yake tsince lanƙwasassun ƙusoshi,
ya miƙe su a kan dutse, ya sayar wa uban nasa.
Na ji labarin nan ya fi sau ɗari.
Duk ran da ya ɗauko shi, na san
akwai wanda albashinsa zai rame kafin Asabar.

Bai taɓa ɗaga guduma a kan dogo ba.
Takarda ce ƙarfensa, tawada ce gawayinsa.
Ya sayar da hannun jarin hanyar da ciyawa ke kwance a kanta,
ya ciwo bashi a Landan da sunan gadar da ke cikin kansa.
Da kasuwa ta kife a hamsin da bakwai,
bankuna na garƙame ƙofa, manya na kuka a titi,
sai ya goge hularsa, ya bi abokansa gida gida,
ya yi musu jaje, ya saye kamfanoninsu.
Faɗuwar wani tashin wani, haka ya ce,
yana ɓare dafaffen ƙwai, abincin ranarsa ke nan kullum.

Sai gadar rafin Tamarack.
Injiniya ya nemi ƙarfe, shi ya ce katako ya isa.
Ran da ruwa ya cika ya karya ƙafafunta
leburori 'yan Ayalan na kanta suna ɗaure itace.
Na buɗe littafi na rubuta:
katako, dala kaza. Igiya, dala kaza.
Shebur goma sha huɗu, ruwa ya ci.
Na duba sama da ƙasa, ban ga layin da aka ware
wa hannuwan da ke riƙe da shebur ɗin ba.
Matar Fintan Rourke ta zo ta tsaya a gindin bene
kwana shida, da jariri cikin bargo.
Ran na bakwai aka ba ni dala goma in kai mata,
da takardar da za ta dangwala wa yatsa.

Abin da jaridu ba su sani ba:
tun daga ranar bai sake haye gada a jirgi ba.
Sai a tsayar da taragonsa mai labulen alharini,
ya sauko, tsoho mai arzikin jihohi uku,
ya shiga kwalekwale, idonsa a rufe,
ni ina bayansa, rungume da jakar takardu.

Ya gina ɗakin karatu, ya gina asibiti,
ya sa wa majami'a taga mai launi, da sunansa a ƙasa.
Ba zan ce ƙarya ba, garuruwa sun tsiro a bakin dogonsa,
alkama ta kai teku, wasiƙa ta kai uwa.
Lokacin da matata ta kwanta, shi ya biya likita,
bai kuma taɓa ambata mini ba.

Ya rasu cikin hunturu, dusar ƙanƙara ta rufe tasha.
Bai nemi limamin coci ba, agogonsa ya nema.
Ya duba, ya ce jirgin ƙarfe huɗu ya makara.

Ran jana'iza aka tsayar da kowane jirgi minti biyar,
daga bakin teku har Ohio,
ma'aikata dubu tara tsaye, hula a hannu.
Da yamma ɗansa Lucius ya leƙo ofis,
ya ce minti biyar ɗin nan ba aiki aka yi ba, a cire.

Na tsoma alƙalami a tawada.
Lissafin ya kai ni har tsakar dare.